Aljihun Yaya

Kafin mai guga ya hura gawayi, kafin ma ya shimfiɗa bargo a kan tebur, akwai aikin da yake fara yi, wato laluben aljihu. Wanda ya tsallake wannan zai ga ta kansa, domin biro ɗaya da aka manta a aljihun farar riga ya isa ya raba ka da mai rigar har abada. Matar da zan ba ku labarinta a wurin ubanta ta koyi haka, tun tsayinta bai kai tebur ba. Tsohon wanki da guga yake yi a bakin wani layi mai yawan ma'aikata, kuma doka biyu ya kafa mata. Ta farko, kowane aljihu sai an juyo shi waje. Ta biyu, duk abin da ka gani a ciki ka ƙulle a leda ka mayar wa mai shi, sannan ka kama bakinka.

Mai Guga ake ce mata a unguwa, in tana wurin ke nan. Da ta ba da baya sai ka ji an ce Mai Tari, saboda shekara taran da ta kwashe tana shan maganin tari alhali ko atishawa ba ta cika yi ba. Ta san ana faɗa. In ya shiga kunnenta sai ta juyo ta ce, "Na'am, ni ce. Da magana?" Nan take mai faɗar zai rasa inda zai sa fuskarsa. Doguwa ce, siririya, da tabon ƙuna a hannuwanta duka biyun, kuma ba ta barin ta kwana.

Ba da iskanci ta fara ba, duk da haka mutane suka fi so a ce. Tana da shekara ashirin da shida ta haifi ɗa bai zo da rai ba, ta yi wata biyu barci ya gagare ta. Wata maƙwabciya, don tausayi wallahi ba don mugunta ba, ta miƙo mata kwalba ta ce cokali biyu zai sa ta runtsa. Ya kuwa sa ta. Cokali biyu ya koma huɗu, huɗu ya koma rabin kwalba, daga nan ta daina neman cokali. Mijinta direba ne, ya yi haƙurin da zai iya, ya gaji ya sallame ta. Sai ta koma gidan wanta.

Wan nan nata shi ne babba a ɗakinsu, ita ce ƙarama. Hedimastan wata makaranta ne, mutum mai tsari, wanda ko dariya zai yi sai ya duba wa ke kusa. Shi ya goya ta tana jaririya, shi ya fara kai ta makaranta a kan keke, kuma bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Auta. Ya riƙe ta iya ƙarfinsa. Ranar da ya shigo da baƙi uku daga ofishin ilimi ya tarar da ita kwance a tsakar gida rana tsaka, ɗankwali a gefe, kwalba a hannu, ranar haƙurinsa ya ƙare. Da hannunsa ya fitar da akwatinta ƙofar gida, maƙwabta suna kallo, ya ce, "Ku shaida, daga yau ba ni da ƙanwa." Maganar ta yi mata ciwo fiye da sakin da aka yi mata, amma ba ta roƙe shi ba. Ta ɗora akwatin a ka ta wuce.

Sai da ta ƙara shekara biyu a wannan hali kafin ta gano wani ɗaki a bayan babban asibiti, dab da inda ake shanya zannuwan gado. Kujerun roba goma sha biyu ne a ciki, da fanka mai ƙara, da wata ma'aikaciyar jinya gajera mai tabarau da kowa yake ce wa Sista. Duk ranar Laraba masu irin ciwonta suke haɗuwa a nan, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, ba a yi wa kowa wa'azi, ba a kuma yarda da ƙarya. A hannun Sista da wani likita ta rabu da kwalba. Ta yi kwana goma sha ɗaya tana zufa, tana makyarkyata, tana zagin duk wanda ya leƙo. Abu ɗaya Sista ta riƙa nanata mata, ita da sauran: kada ku yarda ku zauna ku kaɗai, domin a kaɗaici ciwon nan yake samun bakin magana. Da ta miƙe, ta ciro dutsen gugan ubanta daga ƙasan akwati, ta kama ɗaki ɗaya mai rumfa a gaba, ta fara aiki.

To, ga inda aljihu ya shigo. Matar wan nata, wadda take ce wa Anti, mace ce mai sanyin hali, ba ta taɓa yarda da korar nan a zuciyarta ba. Duk ranar Asabar, a hanyarta ta kasuwa, sai ta biyo da kayan mijinta a jaka ta ajiye, ba tare da ya sani ba. Mai Guga takan ba rigunan Yaya sitati fiye da na kowa, ta yi musu kari biyu a hannu irin na ubansu. Wata shekara Yaya ya faɗi a babur ya bugu a baya, aka rubuta masa ƙwayar kashe zafin ciwo. Baya ya warke. Amma bayan wata takwas tana ci gaba da tsintar katin maganin a aljihunsa na ciki, irin mai ƙyallin nan da ake ɓallo ƙwaya daga jikinsa, duk an shanye. Da fari ɗaya a mako. Sai uku. Sai biyar, kuma lambar ƙarfin da ke jiki tana hawa.

Ranar da ta gane, sai da ta ajiye dutse ta zauna a ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mata daɗi ne, wani mugun daɗi, ta ce a ranta ashe Hedimasta ma mutum ne. Daɗin bai kai minti biyu ba tsoro ya kore shi. Ba ta mayar da katunan a leda ba, don Anti ce za ta kwance. Ta samu gwangwanin madara ta riƙa tarawa a ciki. Rabin dokar ubanta ta karya, ɗaya rabin kuwa ta riƙe shi gam: shekara biyu ba ta ce wa kowa uffan ba.

Tana shekara huɗu da barin kwalba annoba ta shigo. Aka rufe kasuwa, aka rufe makarantu da ofisoshi, aka ce kowa ya zauna a gida. Larabar farko ta ɗaura takunkumin da ta ɗinka da ƙyallen tsohon zani ta tafi asibiti kamar kullum. Ta tarar an fitar da kujerun robar an jibge su a rana, ɗakin kuma an cika shi da kwalaye har rufi. Mai gadi ya ce an dakatar da zaman sai abin da hali ya yi.

"An dakatar?" ta ce. "To ciwon namu fa, shi ma an ba shi hutu? Ko an gaya masa ya zauna a gida?"

Mai gadi ya ce shi dai umarni aka ba shi.

"Ka gaya wa mai umarnin mu goma sha biyu ne, kuma mu ma mutuwa muke yi. Tamu dai ba a karanta ta a rediyo."

Ba ta san bakinta ya faɗi gaskiya da wuri haka ba. Sista ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya a wayarta duk Laraba, daga ɗakin masu annoba inda aka mayar da ita, muryarta a shaƙe cikin takunkumi. A mako na uku wani bakanike a cikinsu, wanda ya fi kowa daɗewa da dainawa, wanda yake ba su dariya da kwaikwayon tafiyar Sista, bai ɗaga waya ba. Garejinsa a rufe, iyalinsa suna wani gari, shi kaɗai a ɗaki. Ya koma wa abin da ya bari, jikin kuma ya manta da shi, bai ɗauka ba. Mutum huɗu aka bari suka raka gawarsa, kuma babu ko ɗaya daga 'yan Laraba.

Ita kanta Mai Guga ba lafiya ta zauna ba. Wa zai kawo guga alhali ba mai zuwa ko'ina? Manyan ma'aikata duk sun koma singileti a tsakar gida. Hannuwan da suka saba aiki daga safe har yamma suka wayi gari ba abin riƙewa, kuma da hannu ya zauna sai kai ya fara surutu. Kwalba ta dawo tana mata magana da muryar maƙwabciyar nan mai tausayi: cokali biyu kawai, wa zai sani, duniya ma ai ta tsaya. Sai ta tashi ta hura gawayi ta goge zannuwanta uku, ta yayyafa musu ruwa ta sake gogewa. Ta goge labule, ta goge zanen gado, ta goge tsumman da take riƙe dutse da shi. In muryar ta matsa sai ta amsa mata da ƙarfi, "Ƙarya kike yi, 'yar banza! Shekara tara kika ci, ko kwana ɗaya ba za ki ƙara ba!" Masu ɗakin kusa suka fara cewa Mai Tari ta zare. Ta leƙo ta taga ta ce musu e, ta zare, amma da ƙafarta take tsaye.

A rana ta ashirin da shida da kulle, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Anti ce, tana kuka. Ta ce Yaya ya kamu da cutar. Yau kwana biyar yana zazzaɓi, ga zufa, ga majina, ga ciwon gaɓoɓi, cikinsa kuma ya ɓaci. Ya kulle kansa a ɗakin karatunsa, a bakin ƙofa take ajiye masa abinci, bai ko taɓawa. Ta kira lambar da ake faɗa a rediyo, an ce motar za ta zo bayan azahar ta kai shi inda ake killace masu cutar.

"Anti, tsaya. Yana tari?"

"A'a, tari kam ban ji ba."

"Hamma fa?"

"Kai, kamar bakinsa zai yage. Ta bayan ƙofa nake jiyowa."

"Yana kwanciya, ko zagaye yake yi?"

"Yini yake yana zagaye ɗakin. Amma yau da sauƙi, alhamdu lillahi, ya natsu. Da safe har ya yi mini magana mai daɗi. Ya faɗa mini inda takardun gida suke, ya ce in yafe masa, ya turo agogonsa ta ƙasan ƙofa ya ce in ba babban ɗanmu."

Mai Guga ta miƙe tsaye da wayar a kunne. Hammar da zagayen ta san su, a jikinta ta karance su: an rufe hanyoyi, mai kyamis ɗin da yake sayar masa a ɓoye ya rufe shago, ƙwaya ta yanke. Amma natsuwar nan ta fi komai ba ta tsoro. Ita ma ta taɓa yin irinta, wata safiya a shekarar da aka kore ta, ta bi mutane tana neman gafara da murmushi, kowa yana cewa ta shiryu, alhali ta gama yanke shawarar barin duniya ne. Wanda ciwon nan ya kai shi bango ba ya natsuwa don ya ji sauƙi.

"Anti, kada ki matsa daga ƙofar nan. Ki yi ta yi masa magana, ko labarin kasuwa ne. Ga ni nan."

Ta kira Sista. Sai a kira na huɗu ta ɗaga, ta saurara, sannan ta yi magana da sauri. Ta ce zai iya yiwuwa duka biyun ne, don haka takunkumi dole, gwaji ma dole. Ta ce yanke ƙwayar nan farat ɗaya yana iya kawo jijjiga, sai likita ya sa hannu. In aka ɗauke shi a matsayin mai annoba kawai, ɗaki za a ba shi shi kaɗai na mako biyu, ana auna masa zafin jiki ta taga, kuma ba sai ta faɗi abin da zai biyo baya ba. "Zan kira likitan da ke can," in ji ta, "amma ba zan iya rubuta wa mutum ciwo daga gwangwanin ƙanwarsa ba. Sai ya faɗa da bakinsa. Ki je, kada ki bar shi shi kaɗai."

Ta zuba gawayi a leda, ta ɗauki dutsen guga da gwangwanin, ta fita. Kada ku tambaye ni me ya haɗa dutsen guga da ceton rai. Ita ma a lokacin ba ta sani ba, ta dai san in ba ya hannunta hannun rawa zai yi.

Titi fayau, sai awaki. A mahaɗar hanya aka gindaya katako, ɗan sanda yana zaune a inuwa da sanda a cinya. Ya ce ina takardar izini. Ta ce ba ta da ita, aikin gaggawa ne.

"Guga ce gaggawa? Baiwar Allah, koma gida tun muna mu biyu."

"Yallaɓai, ba zan koma ba. Wana yana can zai kashe kansa kafin la'asar. In kama ni za ka yi, ka bari in dawo, da ƙafata zan kawo kaina, har kakinka in goge maka."

Ta buɗe gwangwanin ta miƙa masa a ƙarƙashin hanci. Ya leƙa. Ya daɗe yana kallon katunan nan, fiye da yadda wanda bai san su ba zai kalla. Sai ya mayar da murfin da kansa, ya ɗaga katakon, ya ce a hankali, "Ki bi ta bayan makaranta. Akwai wani shingen a gaba, kuma na can ba ya jin magana."

Shekara shida rabonta da ƙofar gidan. An sake mata fenti, amma ƙarar buɗewarta tana nan. Maƙwabta sun riga sun ji motar annoba za ta zo, kowa ya leƙo ta saman katanga da ƙyalle a hanci. Ta ji wata tana cewa, "Lallai, har da Mai Tari." Yau ba ta da lokacin amsawa.

Anti tana zaune a ƙasa a bakin ɗakin karatu, muryarta ta dushe. Mai Guga ta ƙwanƙwasa.

"Yaya, ni ce."

Sai murya ta fito, siririya, ba irin wadda take tsayar da ɗalibai ɗari biyar a layi ba. "Wa ya kira ki? Ki fita. Cuta gare ni, za ki ɗauka."

"Na ji. Zan fita in na gama aiki."

Ta ce Anti ta kawo mata farar rigarsa da tebur da bargo. Anti ta dube ta kamar ita ma ta yarda an zare, amma ta kawo. A nan bakin ƙofar ta hura gawayi, ta zuba garwashi a dutse, ta yayyafa ruwa, ta fara. Ƙamshin zafin dutse a kan sitati ya cika barandar, ya bi ta ƙasan ƙofa. Ƙamshin da suka tashi a cikinsa ke nan su biyun. Takun da ake ji a cikin ɗakin ya tsaya.

Sai ta buɗe gwangwanin. Ta ɗauki kati ɗaya ta tura ta ƙasan ƙofar. Ta ja dutse sau biyu, ta tura wani. Ta tura na uku, na huɗu, na goma. Anti ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta karanta, ta toshe bakinta da hannu.

"Daga aljihunka na ciki, Yaya," in ji Mai Guga. "Shekara biyu. Baba ya ce a kama baki, na kama, kuma na yi kuskure. Da tun a na farko na zo na fasa ƙofar nan."

Ta sake jan dutse a kan rigar, ta ci gaba.

"Bari in faɗa maka abin da kake ji, tunda kai ba za ka faɗa ba. Ƙafafunka kamar an zuba tururuwa a cikin ƙashi. Kana jin sanyi kana zufa. Kwana biyar ba ka runtsa ba. Kuma akwai mai yi maka magana a kai, yana cewa kowa zai huta in babu kai. Ni ma ya gaya mini, da kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Maƙaryaci ne. Ba annoba ce ta kulle ka a ɗakin nan ba, kai ma ka sani."

Aka ji ya zauna a ƙasa, bayansa ya jingina da ƙofar. Da ya yi magana kuka yake yi.

"Ki bar ni a haka. Wanda annoba ta kashe, addu'a ake yi masa. In aka ji wannan fa? Shekara talatin ina tsayawa gaban yara ina ce musu kada su sha. Na kori bakwai a kan haka. Na kore ki. Da wane ido zan fita?"

A nan ranta ya ɓaci, ɓacin da ta shekara shida tana dannewa. Ta dangwarar da dutsen har garwashi ya yi tsalle.

"Da idon da na fita da shi! Ka fitar da akwatina mutanen layin nan suna kallo, na mutu? Sun sa mini suna, na amsa, na mutu? Ga ni nan, ina cin abincina, ina goge rigunan masu zagina. Kai don kada a yi da kai a bakin katanga za ka bar Anti da takardun gida, ka bar ɗanka da agogo? Wallahi ba ka isa ba. Mun rasa ɗaya a watan nan, ba za a ƙara da kai ba. Kunya ce, Yaya, ba ta kisa. Na ɗanɗana maka ita tun tuni."

Ta ɗauki dutsen ta ci gaba da hannun rigar, hawaye suna ɗiga a kan sitati tana bin su da dutse.

"Na san ke kike goge rigunana," in ji shi can. "Tun Asabar ɗin farko. Ba mai yin kari biyu a garin nan sai Baba."

Sakata ta yi ƙara.

Ya rame, gemu ya fito masa fari, singiletinsa ta jiƙe sharkaf. Ta gyara takunkuminta, ta miƙa masa wani, ta shiga ta buɗe tagogi. A kan teburin karatunsa akwai wasiƙa a ninke, da abin da ya tanada a gefenta. Ba zan faɗi ko mene ne ba. Ta tattara ta miƙa wa Anti ta ce a fitar da shi daga gidan. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ba shi ruwa kaɗan kaɗan, in ƙafarsa ta fara harbawa ta danne ta da tafin hannunta mai ɗumi. Ta faɗa masa abin da Sista ta ce, ba ta rage ko kalma ba: in motar ta zo, shi zai yi magana, ba ita ba.

Motar ta iso rana ta ɗan karkata. Mutum biyu suka sauko cikin fararen kayan da suka rufe su ruf, ɗaya da takarda a hannu. Yaya ya ce a ba shi rigarsa. Maɓallan suka gagare shi, ita ta ɓalla masa har wuya. Sai ya durƙusa da ƙyar ya tsince katunan da ke ƙasa, ya cusa su a aljihun rigar har ya kumbura.

"Haba Yaya, yanzu fa na goge ta," ta ce.

Ya kusa yin dariya.

A ƙofar gida mai takardar ya tsaya nesa ya tambaya tun yaushe zazzaɓin ya fara. Kawuna sun cika katanga ta ko'ina, waɗanda suka shaida wancan karon da 'ya'yansu. Yaya ya dube su. Mai Guga ta ga ƙafarsa tana neman komawa ciki, sai ta matso har kafaɗarta ta taɓa tasa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro katunan ya ɗaga su.

"Ku gwada ni, ban ƙi ba. Amma ciwona ga shi. Ƙwaya nake sha, shekara uku. Ta yanke mini kwana biyar. Yau da safe na yi niyyar kashe kaina."

Wani ya ce subhanallahi a saman katanga. Mai Guga ta ɗaga kai ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, kawunan suka riƙa nutsewa. Mai takardar ya rubuta, ya ce an riga an kira su a kan batun, likita yana jira, kuma ba za a bar shi shi kaɗai ba. Sai ya nuna ta da biro ya ce wannan fa, wace ce?

"Ƙanwata ce," in ji Yaya, da ƙarfin da ya rage masa, yadda na katanga za su ji. "Auta. Ita ta san ciwon nan. Abin da ta gaya muku ku rubuta."

Gwaji ya nuna ba ya ɗauke da annobar. Ciwon nasa kuwa bai tafi da sauƙi ba, ya sha wuya, ya zame sau ɗaya ya sake tashi, kujerarsa ta hedimasta ma ba ta jira shi ba. Da aka buɗe gari Mai Guga ta yi ta sintiri a ofishin asibiti tana ɗaga murya har aka kwashe kwalayen nan aka mayar da kujerun Laraba. Dokar ubanta ta biyu kuma ta yi mata gyara: kome ta gani a aljihu tana kama bakinta, ban da katin nan. In ta gan shi, da hannunta take mayar wa mai rigar, ta gaya masa ranar da ake zama da ɗakin da ake yi. Wasu sun daina kawo mata kaya saboda haka. Ta ce su kai wa wanda zai goge su har kabari.

Yanzu Yaya da kansa yake kawo kayansa ranar Asabar, aljihunan duk a juye waje tun daga gida. Duk da haka sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta laluba, har na cikin, a gabansa. Shi kuma yana tsaye a bakin rumfa, hannu a baya, yana jira ta gama.